Kurangar da Ba Ta Barci

Pinhão, ƙarshen Satumba 2004

Zuwa ga Wahini Shalan, matar yayana marigayi Bhaskar,

Shekara shida ke nan rabona da Ambewadi. Ina taɓa ƙafafunki don girmamawa daga nan Turai inda nake. Ina fata kina lafiya, ke da yarinya, da gwiwar nan da kika ce tana tashi in damina ta yi nisa. Ni lafiyata ƙalau in aka cire baya. Bayan ma ba nawa ba ne yanzu, na Sinyo Abiliyo ne mai gonar da nake wa aiki. Kwando-kwando ya saye shi. Har yau bai iya faɗin sunana ba, Goraku yake kirana, amma bai taɓa cin haƙƙina ba, wannan kam zan faɗa.

Mun gama tsinkar inabi shekaranjiya. Kin ce in gaya miki abin da ake yi da shi bayan an tsinke, tunda kamfanin da zai sayi naki ba ya gaya wa manomi komai. To, ga shi. Da rana mu yi ta jido shi daga kan tudu. Da yamma a juye a wani babban komin dutse, mu shiga da gajeren wando, mu dafa kafaɗun juna a jere, mu yi ta takawa, hagu, dama, kamar sojoji. Ruwan har cinya, ga sanyi. Na tambaya me ya sa ba a sa inji, aka ce tafin ƙafa yana fasa inabin amma ba ya fasa ƙwallon ciki, ɗaci kuwa a ƙwallon yake. Bayan kwana biyu sai abin ya fara numfashi da kansa. Ya ɗumama, ya riƙa kumfa, ɓawon ya taso sama ya yi kauri kamar bargo, mu kuma mu riƙa danna shi ƙasa, don launi da ƙamshi duk a ɓawon suke.

Kada ki gaya wa mutanen ɗakin bauta, na iya ɗanɗanawa yanzu. Jar giyar wannan kwarin baƙa ce kusan, tana rina harshe kamar 'ya'yan jambul da muke sata a bayan makaranta, tana kama dasashi da bauri, ga ƙamshin wata ciyawa mai danƙo da ke fitowa a duwatsun nan. In ka haura tsaunuka zuwa Dão, inda akwai inuwa da sanyi, inabin iri ɗaya ne da namu, amma giyarsu ba ta da nauyi, tana da ɗan tsami mai daɗi kamar romon tsamiya, sai ƙamshin fure. Inabi ɗaya, ƙasa daban. Naki irin da ake kira Shiraz ne, an ce in ya samu yadda yake so ƙamshin masoro yake yi da hayaƙi.

Yanzu ga tambayarki. Kin ce yaron kamfani ya ce ki yi wa kurangun aski a Oktoba, ki shafa wa idanunsu maganin nan mai sa toho, kamar yadda kowa ke yi. Wahini, kada ki yi. Na san a gida sau biyu ake datse kuranga a shekara, ban manta ba. Amma wannan na masu inabin ci ne, masu son manyan 'ya'ya cike da ruwa don kasuwar Mumbai. Suna korar kuranga kamar jakin haya, ba hutu. Kurangar giya dabam ce, sai ta yi barci. A nan ba wanda ke kusantar ta da almakashi sai ganyenta ya yi ja ya zube ƙasa tas, ta tsaya tsirara. Da hannuna na datse dubbai, ba labari aka ba ni ba. Nan ko ban ruwa ba a yi mata, ita ke huda dutse da saiwarta ta nemo abin sha, shi ya sa giyar take da ƙarfi. Kamfani yawa yake so, yaron nan kuma bai taɓa ganin inda aka haifi sana'ar ba. Ki jira ganye ya zube.

Ni na sa ki tuge albasa kika dasa inabi, ba zan bari ki yi kuskure a girbin farko ba.

Nan da sati zan gangara kudu tsinkar zaitun, don a nan aiki ya ƙare sai Janairu. Ki ci gaba da aiko wasiƙa gidan Dona Lurdes inda nake haya. Ki gaida Tatya, babban gidanmu, in ya tambaya.

Ƙaninki,
Gorakh

*

Ambewadi, bayan bikin Diwali

Bhauji Gorakh, ƙanin mijina,

Albarka ta tabbata a kanka. Muna lafiya. Gwiwa ta lafa, yarinya ta ci jarrabawa, saniya ta haihu mace. Ka riƙa shafa man ridi mai ɗumi a bayan nan, in akwai shi a ƙasar masu taka abinci da ƙafa. Na yi dariya har na ƙware da na karanta. Kai da ba ka yarda ka taka kashin shanu mu shafe tsakar gida!

Na bi maganarka. Duk garin nan an yi aski an gama, gonaki sun zama sanduna, har sun fara fitar da sabon toho. Tawa kaɗai ce kore shar, rassa sun haye waya sun sarƙe, sai na sunkuya nake wucewa. Yaron kamfani ya zo sau biyu. Na biyun har hularsa ya cire ya ce, "Mama, don girman iyayenki ki datse." Na ce masa ƙanin mijina yana ƙasar da aka haifi sana'ar, ya ce a jira. Ya rubuta wani abu ya hau babur ɗinsa.

Wilas ɗan Tatya kuwa ya samu abin yi. Kullum in zai wuce sai ya tsaya a bakin shinge.

"Wahini, daji kike nomawa bana? In kawo miki damisa ki saka a ciki?"

Na ce, "Kawo, ko ta rage mana masu surutu."

"Ai ni tausayinki nake ji. In kurangun sun farka daga barci ki gaishe min da su."

Ranar Diwali Tatya ya zo cin zaƙi. Ya ci, ya wanke hannu, sannan ya yi maganar da ta kawo shi. Ka san gonar nan ba a taɓa raba ta ba tun zamanin kakanku, a hannunsa take tunda shi ya rage a manya. Ya ce, "Ke matar Bhaskar, shekara uku na ba ki ranar da kika tuge albasa, don darajar mamaci. Wannan ce ta ukun. In motar kamfani ba ta ɗauki kaya daga gonar nan bana ba, 'ya'yana za su sa garma kafin ruwan farko. Ba zan kore ki daga gida ba, abinci ba zai gagare ki ba. Amma ƙasa ba abin wasan mata ba ce."

Na ce masa mota za ta ɗauka, kuma kayan da ba a taɓa gani ba a gundumar nan.

Bhauji, eka biyun nan su kaɗai ne wurin da nake tsayawa ba a matsayin mai cin arziki ba. Ka san haka. Abu ɗaya nake so ka gaya min: yaushe ganyen ke zubewa? A wajenku wane wata ne? Nawa ko alama bai yi ba.

Wahininka,
Shalan

*

Ambewadi, tsakiyar Disamba

Bhauji,

Muna lafiya. Kai ne ban sani ba, don shiru nake ji. In ciwo ne ka sa wani ya rubuto.

Ganye bai zube ba. Kowace safiya ina bin jeri-jeri ina girgiza kurangun, in ga ko ɗaya zai faɗo. Matan da ke zuwa yankan ciyawa sun gan ni, yanzu har yara na kwaikwayona a hanya. Gonar maƙwabta 'ya'ya sun kai girman wake.

Da na rasa yadda zan yi sai na koma kan wasiƙarka, na ga inda ka ce a can ba a ba ta ruwa. Na ce to ashe ni ce nake hana ta barci, wa zai yi barci ana ɗura masa ruwa? Na kashe injin rijiya, na naɗe tiyo. Sati uku ke nan.

Sai jerin da ke sama wajen hanya, inda ƙasa ba ta da zurfi, suka fara rawaya. Ganye ya fara faɗuwa. Na yi murna, Bhauji. Na tsince na farkon a bakin zanena na kai gaban gunkin Witthal, abin bautarmu, na ajiye, na fasa kwakwa. Jiya na kankare ɓawon ɗaya daga cikinsu da farce don in ga yadda barcin yake. Ciki ba kore ba ne. Launin ruwan ƙasa ne, a bushe, ya karye a hannuna kamar kara.

Haka barcin yake a wajenku? In haka ne ka gaya min in kwantar da hankalina. In ba haka ba ne ka gaya min da sauri.

Shalan

*

Pinhão, Janairu 2005

Wahini,

Ina taɓa ƙafafunki, in kin yarda in taɓa. Lafiyata ƙalau, ban yi ciwo ba, ba ni da wannan uzurin. Zaitun ya ja mu har ƙarshen shekara. Da na dawo na tarar da wasiƙunki biyu Dona Lurdes ta jingine su a bayan gunkin waliyyinta, ta ce don kada su ɓata.

Zan gaya miki gaskiyar yadda na karanta su. Da farko haushi na ji. Na ce wa ya ce ta kashe ruwa? Ni labarin nan na ba ta, inda ake ruwan sama duk lokacin sanyi, ban ce ta yi ba. Har na ɗauki biro na fara rubuta miki haka. Na yaga takardar. Wanda ya ce miki mutanen garinku duk jahilai ne shi kaɗai ya sani, ba shi da bakin cewa kin bi maganarsa fiye da kima.

Washegari muka fita aski. Raɓa ta daskare a kan waya, ƙasa ta yi fari, yatsuna sun ƙi riƙe almakashi sai da na hura musu iska. Ina tsaye a gaban kuranga tsirara, ina taka ganyenta da ya ruɓe a ƙasa, sai abin ya faɗo min. Sanyi ne ke zubar da ganyen nan. Ba hali ba ne na kurangar giya, ba daraja ba ce, sanyi ne kawai. Namu sanyin na jan bargo ne da shan shayi da asuba, bai taɓa kashe ganye ba. A gida kuranga ba ta barci, ba za ta taɓa yi ba. Shi ya sa mutanenmu suke datse ta sau biyu: almakashi ne ke yi mata abin da sanyi ke yi a nan. Na ga suna yi tun ina yaro, na zo nan na koyi rabin abu, na juyo ina zaginsu.

Sinyo Abiliyo ya gan ni tsaye ya ce, "Goraku, ka daskare ne?" Na tambaye shi, in da a ce babu sanyi a ƙasa, yaushe zai yi aski. Ya yi dariya ya ce, "Ina na sani? Ka tambayi mutanen ƙasar." Shi da aka haifa a cikin kuranga bai yi ƙarfin halin da na yi ba.

Akwai abin da ya fi wannan ci min rai. A tsakiyar Nuwamba, a kudu, akwai ranar da suke buɗe sabuwar giya. Su can ba a ganga suke yi ba, a randunan ƙasa ne, kowace ta fi mutum tsayi, an shafe cikinsu da ƙaro da kakin zuma. Ana zuba inabin da ɓawonsa har da ƙwallo a bar shi, sai a huda gindin randar ya tsiyayo ta cikin ɓawon a tace. Jar giya ce mai laushi, ɗumin rana a cikinta, ƙamshinta kamar dafaffen 'ya'yan itace da ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Na sha kofi uku a wani shago, na bugi tebur ina gaya wa 'yan Nepal da muke aiki tare cewa a garinmu akwai gonar da za ta fi wannan, ni nake koyar da mai ita ta wasiƙa. Na lissafa yanzu. A satin da nake wannan cika bakin kike bin jeri kina girgiza kurangu yara na dariya.

Ki kunna ruwa yau, kaɗan-kaɗan da farko. Ki yi aski ko da lokaci ya wuce. Ki nemi yaron kamfani ki ba shi haƙuri a madadina, duk abin da ya ce ki yi. In shi bai zo ba ki tambayi kowane maƙwabci, ko Wilas ne. Kowa a Ambewadi ya fi ni sanin gonarki.

Na je gidan waya na buga lambar shagon Patil sau biyu don a kira min ke, ba a ɗauka ba. Na uku aka ɗauka, na ji muryar mutanen gari a bayan, na ajiye. Wannan ma ki sani.

Gorakh

*

Ambewadi, farkon Mayu

Bhauji,

Albarka a kanka. Muna lafiya, zafi ne kawai, rijiya ta ja baya. Na daɗe ban rubuto ba don hannuna bai huta ba, kuma don ban san me zan ce maka ba sai abin ya ƙare.

Wasiƙarka ta same ni na riga na yi aski. Ban jira ka ba. Kwana kaɗan bayan na aika maka waccan na kunna inji, na ɗauki almakashin yayanka na shiga. 'Yan ƙwadago duk sun tafi yankan rake, ni kaɗai na yi, matar Patil ta nuna min ido nawa ake bari. Jerin sama sun mutu, kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar. Sauran suka yi toho, suka yi fure, har na fara sa rai.

Amma na kowa ya nuna a Fabrairu da Maris, da sauran sanyin dare. Nawa sai ƙarshen Afrilu, a tsakiyar wuta. Na rufe wasu nonnan inabin da tsofaffin zannuwana, gona ta zama kamar wurin shanya. Duk da haka rana ta dafa su a jikin kuranga. Yaron kamfani ya zo, ya matse ɗaya a ɗan gilashinsa ya duba, ya tauna wani ya tofar. Ya ce, "Mama, zaƙi ya yi yawa, tsami ya gudu. Wannan zabibi ne." Bai yi min gori ba, ko kalma. Mota ba ta zo ba.

Tatya ya tara mu a zaure. Wilas ya ce, "To ina malamin Turai? A kira shi ya zo ya ci zabibinsa." Sai na ce musu kai ba ka da laifi. Na ce ka rubuto a yi aski a kan lokaci, ni ce ban fahimta ba, karatuna aji huɗu ne, na ɗauki labarin can na sa a nan. Suka yarda nan take. Abu ne mai sauƙin yarda a kan mace. Kada ka ji haushi. Gona ta riga ta tafi, ban ga amfanin sunanka ya bi ta ba. Kai kaɗai ne namu da ake ambata a garin nan a yi shiru, kuma wata rana yarinya za ta buƙaci kawun da ake jin nauyinsa.

Bari in ba ka dariya. Inabin da aka ƙi, na sayar da rabi wa masu busarwa, na ba saniya wani. Sauran na ce ba zan mutu ban ga abin da na noma ba. Na wanke shuɗin duron ruwa, na rufe ƙofar ɗakin albasa, na wanke ƙafafuna har sau uku, na ɗage zane na shiga. Hagu, dama, ni kaɗai, ba kafaɗar dafawa. Bazawara mai zuwa ɗakin bauta duk sati! Bayan kwana biyu ya fara numfashi kamar yadda ka ce, har na tsorata. Na danna bargon da muciya safe da yamma. Matar Patil ta shigo aron rariya ta ce, "Shalan, me ya mutu a ɗakin nan?" Na ce mata tsami nake haɗawa.

Na tace jiya. Baƙi ne wuluk. Na tsoma ɗan yatsa na lasa, Witthal ya yafe min. Yana ƙona maƙogwaro, yana da ƙamshin mazarƙwailar da ta kama a tukunya. Amma can ƙarshe, bayan na haɗiye, na ji masoro, Bhauji. Da ɗan hayaƙi. Yana nan a ciki. Da na datse a Oktoba da ya fito sosai.

Tarakta za ta shigo kafin ruwa.

Shalan

*

Ambewadi, Mayu
Daga bakin Tatya, da hannun Wilas

Ɗana Gorakh,

Albarka mai yawa. Ina lafiya sai ido da ya rage gani. Ka ji abin da ya faru. Kada ka sa a ranka. Ka ba da shawara ta ilimi, aka ba mace ta lalata, ita ma da bakinta ta amsa. Mun yafe mata, ba za ta rasa abinci ba.

An riga an nome ekar sama, inda kurangun suka mutu da waɗanda ke kusa da su. Ta ƙasa tana nan tukuna don tarakta ta lalace. Ta zo ta kama ƙafata a kan in bar mata ita. Na ce 'ya'yana ba za su yi asarar albasar eka guda don gwaji ba, sai in akwai mai biyan su rupi dubu sittin duk shekara a madadinta. Ta san babu.

In ka dawo kai za ka riƙa duba mana gonaki, Wilas yana so ya dasa inabin giya a ƙarƙashin idonka. Ka taho mana da agogon hannu.

Tatyanka

*

Pinhão, farkon Yuni 2005

Tatya,

Ina taɓa ƙafafunka. Ina fata idon ya yi sauƙi. Ni ina lafiya.

Wilas, tunda kai za ka karanta masa, ka karanta duka, kada ka tsallake. In an gama ka kai gindin bishiyar da ake zama da yamma ka sake karantawa.

Wahini ba ta yi kuskuren fahimta ba. Ni na rubuta mata ƙarara cewa kada ta yi aski sai ganye ya zube. Yaron kamfani ya roƙe ta, maƙwabta suka gaya mata, ta tsaya a kan maganata don ta ɗauka na sani. Ban sani ba. Na iya datse kuranga a ƙasar sanyi, na iya ɗaukar kwando, na iya bambance giyar wannan kwari da ta wancan da hanci. A kan gonar Ambewadi ban san abin da jaririn garin bai sani ba. Da ta gane, ita ta ceci kashi biyu cikin uku na kurangun da hannunta, ina can ina shan giya ina cika baki. Sannan ta ɗauki laifina ta ɗora a kanta a gabanku, kuka karɓa ba ku ko tambaya ba. Ni ma da na karanta wasiƙarta na yi kwanaki ina jin daɗin a bar shi haka. Wilas, kada ka dasa komai a ƙarƙashin idona.

Ba na cewa ka zalunce ta, Tatya. Ka ba da shekara uku, ka cika. Sharaɗin da ka sa a kan ekar ƙasa ma na ji, kuma na karɓa. A tsayar da tarakta. Kurangun nan in ba ta yi musu askin bazara ba ta yi musu yanzu, ta sake yi a Oktoba tare da kowa, kamar yadda ake yi a gida.

Na so in zo bana. Ba zan zo ba, agogo ma babu. Na gaya wa Sinyo Abiliyo ina nan har girbi biyu masu zuwa.

Ga abin da na iya tarawa tun da na zo, bayan na biya wanda ya kawo ni da abin da na aika aka dasa gonar: Yuro dubu biyu da ɗari uku da arba'in. Na aika duka ta banki jiya da sunan Wahini. Zai kai rupi dubu ɗari da ashirin da ɗan wani abu. Dubu sittin na bana, dubu sittin na baɗi. Ɗan abin da ya yi saura nata ne, ta sayi tiyo.

Gorakh